Takardar da ta hango dam ɗin Tiga

Gida lafiya lau, ban da ɗana Habu da ya daina barci, ni kuma jinina ya hau.

Jiya wani dillalin filaye ya kawo takarda, wai mahaifina ya sayar wa mahaifinsa gonarmu tun Turawa na mulki. Da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci na bi ta a hankali. Iyakar gabas wai "bakin dam".

Na ce, "Alhaji, ina amarya fa aka fara haƙa dam ɗin Tiga, Turawa sun daɗe da tafiya."

Ya ce, "Hajiya, kuskuren magatakarda ne."

Na ce, "Ashe magatakardanku ɗan duba ne!"

Habu gora yake nema, ni shari'a nake so. Jama'a, ta ina zan fara, dagaci ko alƙali? Ku amsa mini kafin Litinin, ranar dillalin zai kawo masu awon fili.