Zare Tara Daga Fitilar Zulaiha

Malam Uzairu mai gyaran rediyo ya shekara goma sha tara a rumfa ɗaya a Rano. Ni maƙwabcinsa ne, taku arba'in da biyu tsakanin ƙofofinmu, na ƙirga.

A daminar 2004, lokacin da maganar Shari'a da hana algus ta cika gari, aka ce ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Dije, mai kawo madara daga rugar Kahu, ruwa take zubawa. Dattawan kasuwa suka ba ta mako guda ta wanke kanta, ko ta bar wurin da ta shekara talatin tana zama.

Uzairu ya faɗa ɗakin matarsa Zulaiha, ya nufi fitilar jerenta, mai siraran zaren roban nan da haske ke bi ta cikinsu. Zare ɗari uku da sha biyu ne. Ya yanke tara.

"Malam, kayan ɗakin nawa ne suka koma kayan gyara?"

"Aro ne, Hajiya."

"Aro da almakashi?"

Ya kankare bayan zaren, ya lanƙwasa shi, ya sa ƙwan tocila a baki ɗaya. A ɗaya bakin ya liƙa ɗan abin jin haske, ya haɗa da mitarsa. Takwas suka karye. Na tara ya yi aiki: in aka tsoma shi a madara mita ta ba da lamba, in aka ƙara ruwa cokali guda lambar ta sauya. Sau ashirin muka gwada, ni da shi.

Ranar cikar mako muka ɗauki dattawa biyar a babur uku sai Kahu. Aka tsoma zaren a madarar da Inna ta kai kasuwa ranar, wadda muka riƙo: sittin da ɗaya. Aka tatsi saniya a gabansu, aka tsoma: sittin da ɗaya!

Manu, mijin Inna, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ku mutanen gari! Saniyar da ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa, kaurin madarar rani kuke nema a wurinta?"

Dattawa suka nemi gafara, kowa ya sha ludayi uku.

Inna Dije ta koma wurinta, ta aiko wa Zulaiha da man shanu kwano guda. Fitilar na nan da zare ɗari uku da uku. Duk baƙuwar da ta shigo, sanƙon fitilar Zulaiha ke fara nuna mata.