Masu Goyon Ƙasusuwa

Garinmu yana kusa da Tsarnawa, a bakin wata ƙorama da muke tsallakewa da gudu lokacin muna yara. Kafin in gama karatu in dawo koyarwa a lakwal ɗin garin, wato makarantar boko, ta zama kwazazzabon da raƙumi zai shige da kayansa ba a ga tozonsa ba. Kowace damina sai ta gutsuri wani abu, bana gonar wannan, baɗi rumbun wancan. Mutanen buro, ma'aikatan gwamnati, suka zo daga Konni suka dudduba, suka ce gari ya tashi ya koma kan tudu wajen kwalta. Aka raba filaye, masu ƙarfi suka fara buga tubali. Inna, mahaifiyata, ta ce ita ba inda za ta.

Dalilinta maƙabarta ce. Tana bayan gidanmu, tsakaninmu da ƙoramar, kuma can mahaifina yake kwance tun ina ƙarama. Inna ba ta taɓa ganin kabarinsa ba, don a garinmu mace ba ta shiga maƙabarta. Amma ta san yana nan bayan danga, kuma ta gama sa wa ranta cewa ranar da tata ta zo, kusa da shi za a kwantar da ita. Tsofaffin unguwarmu kowace da burinta, wata kujerar Makka, wata ta ga auren jika. Ita nata ke nan.

A shekarar aka kawo mana baƙuwa daga Amurka, cikin matasan nan da ake turowa ƙauyuka don dashen itatuwa. Maigari ya sauke ta a gidanmu wai don ina jin Faransanci, ashe ma Hausarta ta fi Faransancinta. An ce mana anasara ce, yara har sun cika ƙofar gida. Sai ga yarinya gajera kakkaura, da baƙin gashi har gadon baya. Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo wurina.

"Wagga ita ta anasarar? To ai ko ja ba ta yi ba."

Baƙuwar ta ji, ta yi dariya. Ta ce ita ba anasara ba ce, mutanenta suna ƙasar tun kafin turawa su san da ita. Sunansu Cahta, a takarda ana rubuta Choctaw. Wannan bai dami Inna ba. Abin da ya saye ta daka ne. Wata safiya baƙuwar ta karɓi taɓarya a hannuna, na matsa gefe ina jiran abin dariya, sai na ga ta gyara tsayuwa tana lugude ba ƙwaya ɗaya a ƙasa. Ta ce kakarta tana da turmi na kututturen itace. A ciki suke surfa masara, su sheƙe ta a faifan kara, su dafa ta da nama har ta yi laushi. Taɓaryarsu ce kawai daban, nauyinta a sama yake. Ta ƙara da cewa a wurinsu ɗa na dangin uwa ne, kawu ya fi baffa faɗa a ji. Inna, wadda dangin mahaifina suka gasa wa aya a hannu bayan rasuwarsa, ta ce lalle waɗannan mutane sun san abin da suke yi. Daga ranar ta koma kiranta ɗiyata.

Yayana, ɗan farin Inna, direba ne, yana ɗaukar albasa daga Galmi. Ya riga ya gina mata ɗaki a tudu. Wata la'asar ya zo ya sake roƙonta, ta ƙi ko ɗaga kai daga waken da take ɓarewa, ya kakkaɓe rigarsa ya fita ransa a ɓace. Baƙuwar ta tambaye ni abin da ke faruwa, na gaya mata. Sai ta ce su ma suna da labari irin wannan.

Ta ce a farkon zamani kakanninsu daga yamma suka taso. Jagoransu yana da wata sanda, duk inda suka yada zango sai ya kafa ta, da safe a tarar ta karkata gabas, sai a bi inda ta nuna. Kowane gida kuma yana goye da ƙasusuwan iyayensa a jaka, don ba su yarda a bar matattu a baya ba. Ta ce a al'adarsu ta da, gawa a kan rumfa ake ɗora ta har nama ya ƙare, sannan wasu tsofaffi masu dogayen farata su tsabtace ƙasusuwan a adana. Na ce a'uzubillahi. Inna ta ce in rufe bakina in bar ta ta ji. Haka kakannin suka yi ta tafiya, kayan matattu ya fi na masu rai nauyi, har wata safiya aka tarar da sandar tsaye ƙyam. Nan suka sauke ƙasusuwan, suka yi ta jido ƙasa a kwanduna suna zubawa har ta zama tudu. Tudun yana nan har yau, uwa suke kiransa.

Sai muryarta ta sauya. Ta ce daga baya gwamnatin turawa ta so ƙasar don noman auduga. Aka tilasta musu sa hannu a takarda, aka kora su yamma, hayin wani babban kogi, yawancinsu a ƙafa, cikin sanyi da yunwa da cuta. A wannan tafiyar ba wanda ya goyi ƙashin kowa. Kaburburan gida aka baro su, wanda ya faɗi a hanya kuma aka rufe shi a bakin hanya aka wuce. Wasu sun ƙi tashi, suka zauna suna ƙwadago a ƙasar da ta kasance tasu. Ita a Oklahoma aka haife ta, inda aka zube su, sau ɗaya ta taɓa ganin tudun nan, da girmanta.

Ni wannan ƙarshen ne ya tsaya mini a rai. Inna kuwa tun a wajen jakunkuna ta daina saurare.

"Ashe ana ɗauka," ta ce.

Inna ba ta magana da Yaya kai tsaye, kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Duk abin da za ta gaya masa ta bakina yake bi. Washegari ta aike ni.

"Ki ce ma wancan, in shina so in tashi, shi tono ubanai shi kai tudu. Ran da yak kai shi, da kaina ni ka ɗaure kayana."

Yaya ya yi tsalle ya dire. "Wa yas sa mata wanga abu a kai? Mu Musulmi muke, ba mu tonon kabari!" Ya ɗora wa baƙuwar laifi, ya daina amsa gaisuwarta. Ita kuma ta shiga damuwa, tana ce mini labari kawai ta bayar, ba ta ce a yi ba. Ba a daɗe ba, cikin rani, mota ta zo ta ɗauke ta. An ce an janye matasan duka daga ƙasar saboda tsaro. Ta tafi ta bar mana ƴan itatuwanta a leda, da wannan magana.

Da Yaya ya ga Inna ba ta da niyyar sauka, ya je wurin liman yana sa ran a ce haramun ne ya huta. Liman ya ce in ruwa zai ci kabari, ya halatta a sauya wa mamaci wuri. Sai ga wata matsalar da ba wanda ya hango. Mu ba ma rubutu a kabari. A tara ƙasa, a ɗora ƙaya, a kafa ɓallin tukunya wajen kai, shi ke nan, bayan ƴan damina duk sun zama ɗaya. Yaya yana saurayi aka yi jana'izar, waɗanda suka haƙa ramin kuma wasu sun mutu, wasu suna ci-rani. Ya shiga ya zagaya ya zagaya, ya fito yana cewa ko nan ne, ko can.

Inna ta ce ita za ta gane. Ranar rasuwar, da maza suka shigo neman tukwanen rufe rami, randarta ta aure ta bayar, mai zanen totuwar masara a wuya, kuma an gaya mata bakin randar aka kafa wajen kansa. A kai ta ta duba. Na ce mata, Inna, ai duk randunan garin nan mace ɗaya ta gina su.

"Ke in ɗanki na cikin ƴan lakwal, kowa da riga iri guda, ɓace maki shikai?"

Har yau ban tabbata ko da an kai ta da ta gane ba.

Daga nan magana ta koma gindin itacen bedi, inda dattawa ke zama. Liman ya ce tsohuwa irinta ba laifi ta shiga. Dattawa suka ce tun kakanninsu ba a taɓa yi ba. Wani ya ce in an buɗe wa ɗaya, gobe kowace bazawara za ta zo neman tsohon mijinta, aka yi dariya. Wani ya ce a jira maigari ya dawo daga Tawa. Kullum in zan wuce lakwal ina ganinsu, shayi yana tafasa, hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas. Raina ya yi ta ɓaci. Mutanen da ke duba sama su gaya maka ranar shuka, su ne suka zauna suna muhawara kamar damina za ta nemi izininsu. A ƙarshe suka yarda, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a shiga da ita.

Ruwan bai jira Juma'a ba. Mu yayyafi kawai muka samu bayan azahar, can sama wajen duwatsu aka tafka shi. Muka ji ƙugi yana tahowa, muka fita bayan gida. Ƙoramar ta cika ta batse, jajir, tana tafe da itatuwa da tumakin mutane. Gaɓa ta fara tsagewa tana zubawa gaba ɗaya. Dangar maƙabarta ta tafi, ranar Inna ta fara ganin cikinta. Tana tsaye riƙe da kafaɗata, ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, har ɓangaren da Yaya yake zato ya rufta. Na ji yatsunta sun nutse a jikina.

Da ruwa ya janye, maza suka bi yashi da buhuna da kwanduna suna tsintar abin da suka samu, har kusa da gonakin wani gari. Aka naɗe a sabon alawayyo, aka haƙa rami ɗaya a tudu aka rufe. Yaya ya dawo da laka har gwiwa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Tambaye shi," ta ce mini. "Shina ciki?"

"Wallahi ban sani ba, Inna," ya ce.

Bangon gidanmu ya tsage a wannan ruwan. Da aka kawo amalanke ba ta yi gardama ba, ta hau. A tudu ta zauna cikin ɗakin siminti da rufin kwano, tana cewa an sa ta a kanti. Ta daina daka, ta daina faɗa da ni, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Wata rana ina taje mata kai ta tambaye ni, mutanen ɗiyar nan da suka mutu a hanya, an koma an ɗauko su? Na ce a yadda ta faɗa, ba a koma ba. Ashe ta ji ƙarshen labarin, ajiye shi kawai ta yi.

Ciwo ya kwantar da ita bayan girbi. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta kira ni ta ba ni saƙo na ƙarshe.

"Ki ce ma wancan, kar shi kai ni tudu. Akwai sauran wuri can ƙasa, bakin gaɓa. Nan za shi sa ni. Ruwan da yat tahi da shi ya san hanya. In ya zaka baɗi, shi kai ni inda yak kai shi."

Na kai saƙon yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan gwiwarsa. Na koma na ce mata na gaya masa. Ta ce madalla.

Ranar da ta rasu muna cikin gida mu mata, aka fita da makara. Na taka turmi na leƙa ta kan katanga don in ga inda za su juya. Suka juya tudu. Da suka dawo na tare shi a zaure, gaban mutane, na ce ta ba ka amana. Idanunsa jajir ya ce, "Ba ni iya ba ruwa uwata." Na san gaskiyarsa. Ba limamin da zai ce masa ya yi kuskure, kuma da ni ce namiji, ban san abin da hannuna zai iya ba. Duk da haka ban sake yi masa magana ba sai bayan sadakar arba'in, kuma har yanzu in na tuna yadda ta ce madalla, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Ban taɓa ganin kabarinta ba. Maza sun ce wuri ne mai kyau, tsakuwa ce zalla, ruwa ba zai taɓa kaiwa gare ta ba.