Mutumin da Na'ura Take Tsayawa a Kansa

An haifi Lamba Ɗaya ranar tara ga watan Maris na shekarar 1960, ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Sana'arsa gyaran keken ɗinki ce. Shagonsa yana jingine da katangar gidana, ɗaki ne mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, cike da kawunan kekuna da aka jera a ƙasa, da warin mai da ba ya fita ko an share. Tun da na ajiye koyarwa, bencin ƙofar shagon ya zama wurin zamana, saboda haka mafi yawan abin da zan rubuta a nan da idona na gan shi.

Laƙabin nan daga asibiti ya biyo shi gida. Jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne. A ɗakin ajiyar jini na babban asibiti kuwa akwai kwamfuta da aka zuba masu ba da jini a cikinta, layi bisa layi, kowane layi da suna da rukunin jini da lambar waya. Idan buƙata ta taso, ma'aikaci yakan rubuta rukunin da yake nema, na'urar ta fara dubawa daga sama, da zarar ta ci karo da layin farko da ya dace sai ta tsaya, ta nuna shi shi kaɗai. Akwai wasu a ƙasansa, amma sai an sake danna maɓalli kafin su bayyana, wanda kuma ake jira a ɗakin tiyata ba ya sake dannawa, wayar kawai yake ɗauka. Layin farko na wannan rukuni, lambar maƙwabcina ce a kansa. Ma'aikata sun yi ta sauyawa, wani ya tafi wani ya zo, kowanne kuma shi yake kira. Har suka daina duba suna. Da ya leƙo ƙofa sai su ce ga Lamba Ɗaya ya iso.

Kusan shekara ashirin ya yi a haka, kuma ban taɓa ganinsa zaune zama na gaskiya ba. Rabin jikinsa ne a kan kujera, rabin yana shirin tashi. Wayar ƙarama ce, irin ta da mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, tana cikin aljihun ƙirjinsa. Yana warware kan keke yana shafa aljihun. Yana cin abinci yana shafa shi. Idan zai yi wanka, a kan katangar banɗaki yake ɗora ta, ya rage zuba ruwa don kada ƙara ta wuce shi. Ranar da aka ɗauke wuta kuma batir ya yi ƙasa, duk layin shagunan sai ya san da haka, domin zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya tayar da janareta.

Idan kiran ya zo, ba ya ƙarasa abin da ke hannunsa. Yakan zuba ƙananan kusoshin a murfin gwangwani, ya ce mini, "Malam, ga shago nan," ya tare babur a bakin titi tun bai goge man hannunsa ba. Teloli sun sha wahala da shi, amma ba su bar shi ba, saboda babu mai jin ciwon keke daga ƙararsa kamar shi. Akwai wani dogon tela, abokin wasansa, da yakan tsaya a ƙofa yana kallon kekensa a warwatse.

"Lamba Ɗaya, kekena fa? Ko shi ma sai an ƙara masa jini?"

"Naka mai yake so," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Kai kuma rowar mai gare ka. Ɗigo biyu a shekara, kamar kana ba shi turare."

Ƙa'idar asibitin ita ce a bar wata uku tsakanin bayarwa da bayarwa, amma na'urar ba ta san wannan ƙa'ida ba. Sau da yawa an kira shi lokacin bai cika ba. Ya san za a duba shi a ce ya koma, duk da haka yakan je, ya zauna a bencin baranda yana kaɗa ƙafa, har sai ya ga an samo wani, sa'an nan ya dawo. Wani lokaci kuma, idan abin ya yi tsanani kuma ba a samu kowa ba, akan kawar da kai a ɗauka.

Maiɗakinsa ta yi magana har ta gaji, ta koma zolaya. Takan ce ruwan da ke tafasa a tukunyarta ya fi shi natsuwa. Babban ɗansu, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya yi ta roƙon ya zo ya ga gidansa da jikoki. Sau ɗaya ya yarda. Muka raka shi tasha, ya shiga mota, ya zauna kusa da taga. Sai ya ji wani fasinja yana cewa akwai doguwar hanya a tsakiya inda waya ba ta shiga sam. Kafin motar ta cika ya sauko da jakarsa.

Ya haura sittin lokacin da jiki ya fara ƙi. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaga kan keke, sai na ga ya dafa bango, ya zame a hankali ya zauna a ƙasa, leɓɓansa sun yi fari. Likitan da ya duba shi bai yi kwana-kwana ba. Ya ce jininsa ya yi ƙasa, zuciyarsa kuma ba ta yaro ba ce, kada ya ƙara bayarwa ko da cikin cokali ne.

A nan Auta ta shigo maganar. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ɗalibata ce a da, yanzu tana aiki a kantin kayan gini, inda kullum take neman kaya a kwamfuta. Ita ta fara gane yadda abin yake. Ina ɗakin ranar da ta yi masa bayani, yana kwance, wayar tana kan matashi kusa da kunnensa. Ta ce masa a kantinsu ma haka na'ura take yi, idan aka nemi fenti fari sai ta kawo na farko ta tsaya, ko da akwai iri goma a ƙasa. Ta ce zai yiwu akwai samari masu irin jininsa da suka rubuta suna tun da daɗewa, ba a taɓa kiransu ba.

"Baba, ba zaɓenka suka yi ba. Na'urar ce malalaciya."

Ya ce, "Ko ma wa ya zaɓa, nan ake kira."

Ta ce za ta je ta sa a goge layin, aikin minti ɗaya ne. Sai ya tashi zaune, abin da likita ya hana shi yi da sauri.

"Kada ki taɓa layin nan, Auta. Ban ba ki izini ba."

Ni na ɗauka girman kai ne irin na tsofaffi, wanda ba ya so a ce an daina buƙatarsa. Na ba shi haƙuri, na ba ta haƙuri, na koma gida.

Bai gama warwarewa ba kiran ya sake zuwa, wani sabon ma'aikaci ne da bai san komai ba. Maiɗakinsa ta ɓoye takalmansa. Ya fita da silifas ɗin banɗaki, ya tare babur. A asibiti wata tsohuwar nas ta gan shi, ta hana a taɓa shi, ta sa aka dawo da shi gida yana haki. Washegari Auta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce, "Malam, ka raka ni asibiti. Idan na je ni kaɗai zan yi musu rashin kunya."

Ɗakin ajiyar jinin ƙarami ne, da firji biyu masu gurnani da tebur ɗaya. Matar da ke kan kwamfutar ta saurare mu, ta ce ai waye bai san Lamba Ɗaya ba, ta kuma yi mamakin cewa har yanzu ba a cire shi ba. Ta rubuta rukunin jinin, layin ya fito. Ta karanta lambar wayar, Auta ta ce ita ce. Sa'an nan, don ta tabbatar kafin ta goge, ta karanta sunan.

Ba sunansa ba ne. Sunan yayansa ne, direban babbar mota, wanda ya rasu a hatsari tun Auta tana firamare. Ni ma na san shi sama-sama. Auta ta tuna cewa bayan rasuwar an kawo wa mahaifinta 'yan kayan mamacin a leda, har da wayar da ya saya sabuwa, shi kuma da ba shi da waya a lokacin sai ya riƙe ta. Matar ta gangara da allon ƙasa. Yayan ya rubuta suna a makon da aka kawo kwamfutar, ya ba da jini sau ɗaya. Duk sauran kwanakin da ke jere a ƙarƙashin sunan, bayan rasuwarsa ne.

Matar ta ɗora yatsa a kan maɓalli, tana jiran umarni. Auta ta tsaya tana murza igiyar jakarta. Ta zo ne ta goge, kuma dole a daina kiran mahaifinta, wannan bai sauya ba. Ta tambaya ko akwai wata hanya. Matar ta ce akwai wani ɗan gurbi da ake cikewa idan mutum ya daina bayarwa, layin yana nan da sunansa da kwanakinsa, sai dai na'urar takan tsallake shi ta wuce na gaba. Auta ta ce a yi haka. Aka sake rubuta rukunin, sai wani layi ya fito, na wani matashi da ya yi shekaru yana jira bai sani ba.

A hanya muka yi shawara ba za mu ce masa mun ga sunan ba. Abin da Auta ta gaya masa kawai shi ne ba a goge komai ba, layin yana nan a sama, amma ba za a ƙara kira ba. Ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata yana nan. Ta ce da idonta ta gani.

Ya rayu shekara biyu bayan haka. Ya je ya ga jikokinsa, ya kwana uku ya dawo, yana cewa gadonsu ya yi laushi da yawa. Dogon tela ya riƙa karɓar kekensa a ranar da aka yi masa alkawari, ya ce abin har ba ya masa daɗi. Hannun dai bai daina zuwa aljihu ba.

Da izinin Auta na rubuta wannan. Akwai abu ɗaya da ta roƙi matar ta yi kafin mu fito daga ɗakin nan, wato ta nemo mata sunan mahaifinta. Na'urar ta bi layukan daga sama har ƙasa, ba ta tsaya ko'ina ba. Bai taɓa rubuta nasa sunan ba. Duk jinin da ya bayar da sunan yayansa ya bayar da shi, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba, ko maiɗakinsa.