Ranar da Aka Sa Na Tona Sirrin Ɗakina

Ko yau na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci, kuma na san ba zan manta ta ba har ƙasa ta rufe idona.

Haihuwata ta fari ta zo da wahala, sai da aka yi mini aiki a Maradi. Likita ya ce ni da maigidana mu haƙura da saduwa har wata shida. Mutumin kirki ne, bai taɓa matsa mini ba. Shi ya je ya tambayi wani malami a Safo, aka ce masa miji da mata su biya wa juna buƙata da hannu halal ne. Haka muka zauna lafiya, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Sai ɗiyata ta kama zawo tana wata huɗu. A garinmu kuwa, jinjiri ya yi zawo, uwarsa ake kallo: wai ta koma shimfiɗar miji, nono ya ɓaci. Da hantsi surukata ta tara tsofaffi uku a tsakar gida, ta ce za ta yaye yarinyar ta tafi da ita garin Gabi. Jaririyar wata huɗu fa!

"Ke, hwaɗa muna gaskiya," in ji ta. "Na ga kuna rufe ƙohwa."

Wace mace ke buɗe baki a kan wannan gaban uwar miji? Amma da na ga ta miƙa hannu za ta kwance mini goyo, kunya ta fita daga kaina.

"Inna, wallahi bai kusance ni ba. Da hannu muke yi, malam ya ce ba laihi."

Wata tsohuwa ta yi salati, wata ta tuntsire da dariya. Kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya. Ni dai na riƙe ɗiyata gam, na hau amalanke muka tafi gidan likita. Ungozomar can ta ce ruwan randa da ake ɗura wa yarinyar ne ya kawo zawon. Wa ke ɗura mata? Innar da ta tsare ni. Har ta rasu ba ta ce mini yi haƙuri ba.

Abin da na koya shi ne, kunyar da za ta raba uwa da ɗanta ba kunya ba ce. Yanzu ni ma ina da suruka, matar ɗana, kuma idan na ga ƙofarta a rufe, wucewa nake yi.