Motar da Ba Ta San Rairayi Ba

Na fi shekara ashirin ina sayar da gishiri da dabino a kasuwar Agadez, kuma na ga maƙaryata iri-iri. Na ga mai yayyafa wa dabino ruwa don ya yi nauyi, na ga mai rantsuwa da kabarin uwarsa alhali uwar tana gida tana tankaɗe. Duk waɗannan ina iya gaisawa da su har in tambayi iyali. Dillalan mota ne kaɗai har yau in na hango su nake jin raina ya ɓaci tun kafin su buɗe baki.

Ƙanena ne ya kai ni wurinsu. Ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na yi masa aure. Ya daɗe yana tuƙa motocin wasu, to da aka raba gādon mahaifinmu sai ya ce zai sayi tasa motar kat-kat mai buɗaɗɗen baya, ya riƙa kai wa masu haƙar zinariya ruwa da shinkafa a Tchibarakaten. Ban hana shi ba. Amma kowa a garin nan ya san abin da ake nufi in an ce mota ta mutu a wannan hanya: babu inuwa, babu rijiya, babu mai wucewa sai wanda Allah ya kawo. Na ce zan bi shi in ga motar da zan ba amanar ransa.

Filin nasu yana bakin gari. Motoci a jere an wanke su suna ƙyalli, dillalai kuma sun baje a rumfa, kowa da baƙin tabarau, kowa yana juya makulli a yatsa. Babu mai ko taya ɗaya a cikinsu, baki kawai suka mallaka. Mun yi sallama, sai da suka gama kallon takalmanmu sannan ɗaya ya amsa a daƙile. Ƙanena kuwa, da rawar kai, ya saki kalmar zinariya. Nan take aka miƙe, aka kakkaɓe masa kujera, aka zuba masa shayi. Mutumin da tun yana ƙarami nake goge wa majina ya zama “patron”, wato maigida.

Babbansu wani gajere ne mai tumbi, ya sha shadda da turare har yana hawa kai. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, “Hajiya, ki zauna inuwa, yanzu mu ƙare.” Ya kama hannun ƙanena ya ja shi wurin wata farar mota. Ban zauna ba, na bi bayansu.

“Wagga ƴar Kwatano ce, patron,” in ji shi, yana shafa mata gaba. “Daga jirgin ruwa sai nan. Wallahi ba ta san rairayi ba, ba ta taɓa ganin hamadar Tenere ko a mafarki ba. Wata likita ce mai ita can Turai, daga gida sai lopital, asibitinta ke nan. C'est propre, tsaf take.”

Ya tayar da ita, ya sa ƙanena ya kanga kunne. Ya nuna masa agogon kilomita, wanda ko ni na san ana mayar da shi baya. Sai wayarsa ta yi ƙara, daidai lokacin da na ga abokinsa a rumfa yana latsa tasa. Ya ɗaga murya yana ba wani Alhajin Dirkou haƙuri, wai ya jira zuwa la'asar, akwai ɗan'uwa a gabansa. Na dubi ƙanena na ga idonsa ya riga ya tafi. Yana shafa sitiyari yana murmushi shi kaɗai.

Ni ban san inji ba, ban kuma taɓa cewa na sani ba. Na zaga baya inda ake ɗora kaya. An wanke, an yi sabon fenti, amma a lungun da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe akwai wata farar ƙura da ta daskare. Na sa yatsa na kankaro na kai baki. Abin da hannuna ya saba yi ke nan kullum in an sauke mini buhu.

Gishirin Fachi ne, garin gishirin nan da ke tsakiyar Tenere. Yana da ɗan ɗacin kanwa da ke tsayawa a bayan harshe, da ƙanshin ƙasar wurin, ko da ido rufe ba na haɗa shi da wani. Motar nan ta yi dakon gishiri a Tenere, kuma ba sau ɗaya ba, tunda har ya shige mata gaɓoɓi. Gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi daga ciki, ya bar fenti lafiya lau.

Na faɗa musu haka. Mai tumbin ko gezau bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, “Gishirin teku ne, Hajiya. Ba na ce miki cikin jirgin ruwa ta zo ba?”

Na ce na san na teku, ina sayar da shi a leda, wannan ba shi ba ne.

“Hajiya, mota ce, ba miya ba.”

Rumfar gaba ɗaya ta kwashe da dariya, har da mai buga cinya. Wannan bai dame ni ba, dariyar marasa sana'a ce. Abin da ya soke ni shi ne na ga ƙanena ya sunkuyar da kai yana jin kunyata. Ya matso ya ce a hankali, “Yaya, don Allah ki bari. Mi kika sani ga mota?”

A gida na zuba masa gishiri iri biyu a faranti na ce ya ɗanɗana. Ya lasa wannan, ya lasa wancan, ya ce duk gishiri ne. Washegari ya koma shi kaɗai ya sayo ta, aka kawo ta ƙofar gida ana ta oda, matarsa tana guɗa. Ni abin da na iya yi kawai shi ne na sayi manyan bido biyu, jarkokin ruwa, na ce duk tafiyar da zai yi sai an cika su an ɗaure daban, ba na sayarwa ba ne, nasa ne. Ya ce na cika tsoro. Na ce na ji, ya dai ɗaure.

A tafiya ta uku, ya sauke kaya yana dawowa, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar ya karye gida biyu a wurin da babu kowa. Kwana huɗu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Na daina zuwa kasuwa, matarsa ta daina girki, muna zaune muna kallon waya. Wasu masu saukowa daga arewa ne suka tsince shi a ƙarƙashin motar, leɓɓansa sun tsage, bido ɗaya ya ƙare, ɗayan saura kaɗan. Da aka shigo da shi ban ce masa na faɗa maka ba. Na dama masa kunu na ba shi da cokali, ina kuka ina zaginsa a zuci.

Da ya warke aka jawo motar, mai tumbin ya saye ta a wulaƙance, yana cewa tuƙin ganganci ne ya kashe ta. Na ɗauka mun rabu da su ke nan. Ƙanena ya zauna ba aiki, ya rage zuwa gidana, in na tambaya sai matarsa ta ce ya fita nema.

Wata safiya ina hanyar zuwa karɓar buhunan da aka kawo mini, mai adaidaitar da na hau ya bi ta gaban filin. Na hango farar motar a jere, an liƙe ƙarfen da wuta, an sake fenti, tana ƙyalli. Gabanta wani dattijo ne mai rawani da ɗansa magidanci, daga gani sun sayar da dabbobi ne suka zo. Mai yi musu bayani ya ba ni baya, yana juya makulli a yatsa. Na ce a tsaya. Tun daga ƙeya na gane shi, amma sai da na matso na ji da kunnena.

“Ƴar Kwatano ce, patron. Wallahi ba ta san rairayi ba.”

Muryar ƙanena ce. Har tabarau sun ba shi.

Ban yi sallama ba. Na wuce bayan motar, na sa yatsa a lungun nan, gishirin yana nan inda na bar shi. Daga rumfa mai tumbin ya ɗaga murya, “A'a, Hajiya mai miya, an dawo?” Ban ko waiwaye shi ba. Na zo gaban ƙanena, na cire masa tabarau da hannun hagu, na ɗaga yatsan nan mai farar ƙura har kusa da leɓensa, inda tabon tsagewar bai gama ɓacewa ba.

Na ce, “Ɗanɗana, ka gaya wa baba na ina ne.”

Dattijon yana kallonmu bai gane komai ba. Ƙanena ya daɗe yana duban yatsana, makullin ya daina juyawa. Bai lasa ba. Ya juya ga dattijon ya ce, “Baba, kada ka ɗora ɗanka a kanta. Ni ta kusa kashewa.”