Odile Comeau, Mai Ɗaukar Hoto da Motar Kifi

Da sassafe Odile Comeau kan tsoma kwalbar maganin hoto a ruwan ɗumi har ya narke kamar kunu. Sai ta shiga tsohuwar motarta ta dakon kifi, wadda ta toshe wa duk wata kafar haske, ta kunna jar fitila, ta shafe katako ko zane da buroshi. Motar ita ce kyamararta. Idan maganin ya bushe, sai ta buɗe 'yar huda kamar ta allura a jikin motar, hasken waje ya shigo ya zauna a kan abin da ta shafe. Aikin jira ne, kuma duk abin da ya motsa ba ya fitowa.

Da aka rufe masana'antar kifi ta garinmu, ƙofar wurin ta cire ta shafe da maganin ta sa a cikin motar, ta ce mu ma'aikata mu jeru a bakin teku. Alphie Doucet, wanda ya fi kowa daɗewa yana feɗe kifi a can, ya ja gefe. Ciwon karkarwa ne ya kama shi.

"Ku yi abinku," in ji shi. "Ni hayaƙi zan fito a hoton."

"Ai gara hayaƙin da fuskar nan taka," in ji wani.

Odile ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawu Alphie, ƙofar ɗaya ce, ba a sakewa. In babu kai, ba zan buɗe hudar ba."

Ta zaunar da shi a kan akwati. Mata biyu suka matse shi da kafaɗunsu, wani ya tallafe masa ƙeya ta baya. Muka tsaya cik har ƙafafu suka yi tsami.

A irin wannan hoto fari kan koma baƙi. Da ta wanke hoton da ke jikin ƙofar, hannayen Alphie sun ɓace, amma fuskarsa ta fito tsaf, furfurarsa baƙa wuluk. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, wannan saurayin na san shi."

Bana ciwon kafaɗa ya sa ta ajiye buroshi. Odile, ke ce mai haƙurin jiran haske, wadda ba ta yarda a bar kowa a gefe ba. Mun gode.

Motar tana bayan coci. Ta ce za ta koya wa duk wanda ya iya tsayawa wuri ɗaya wannan aikin. Masu sauran ƙarfin kafaɗa, ku je ku same ta.