Matakan Ƙafa a Cikin Gwangwani

Tun kafin komai ya faru ina da fargaba, kuma ba ta hatsarin hanya ba ce, yadda mutane suke zato in sun ga irin babur ɗin mijina. 'Yata Sadiya tana da wani ciwo: in zazzaɓi ya yi mata zafi sai jikinta ya sandare, idonta ya juye. Sau biyu ta yi min haka kafin ta cika shekara biyu. Nas ta ce duk ranar da ta sake, kada in tsaya shafa mata man kaɗe, in kawo ta da gudu. Mu kuwa muna zaune can bayan Sagnarigu a gefen Tamale, wajen sababbin gidaje, inda in an yi ruwa ko yalo-yalo, keken hayan nan mai taya uku, ba ya yarda ya shigo. Shi ya sa kullum idona yana kan babur ɗin, ina tambayar kaina: in ranar ta zo, a ina zan zauna?

Wannan tambayar ba ni na fara yin ta ba. A bakin kakata na fara jin ta, ina 'yar shekara bakwai ko takwas.

A Nyohini na tashi, a hannun Kaka Memuna, uwar babana. Sana'arta man kaɗe. In an idar da magariba takan zauna gaban murhu tana juya 'ya'yan kaɗanya a babbar tukunya, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana cin idonmu amma ba mai tashi. Hausarta ba irin tamu ta Tamale ba ce. Daga arewa aka kawo ta aure, kuma har ta rasu tana gyara mana baki. In na ce "Kaka ya zo", sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ta zo! Ni namiji ce?" In ta ga mun natsu sai ta ce, "Ga wata nan tafe daga nesa, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo!"

Akwai wata tatsuniya da ba ta cika yi ba, sai ranar da ranta ba daɗi. Ta wani masassaƙin jirgin ruwa ce, da yake zaune bakin babban kogi da matarsa da ɗansu. Jirginsa mai faɗi ne, yana ɗaukarsu su uku har da kwandon kifi. Sai wata rana ya sa wa ransa sai ya ga inda kogin ya faro. Ya tafi, ya tarar da ciyayi sun matse hanya, jirgi bai wuce ba. Ya dawo ya ɗauki gizago ya rage masa faɗi. Ya koma, ya tarar da duwatsu, ya dawo ya rage masa nauyi. A karo na uku sai ya cire katakon baya, wanda matarsa take zama a kai.

Nan Kaka takan ƙanƙance murya ta yi ta matar: "Malam, to ni a ina zan zauna?" Sai ta kumbura murya ta yi ta mijin: "Ke ina za ki?" Mu kuwa mu fashe da dariya.

Shekara ta zagayo, kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gari. Jiragen mutane masu nauyi duk suka kife, nasa kaɗai yake yawo bisa ruwa kamar ganye. Ya ɗora ɗansa a cinya, ya ce wa matar ta kama gindin jirgi ta bi su a cikin ruwa. Da suka isa tudu mutane suka taru suna yaba jirgin, shi kuma ya tsaya yana nuna musu inda ya sassaƙe da inda ya rage. Sai da ya gama bayani ya waiwaya. Ba kowa a gindin jirgi.

Na tuna na ce, "Kaka, wannan mutum wawa ne." Ta ce, "A'a, Ramatu. Gwani ne. Wawa ba ya iya sassaƙa jirgi haka." Na sake tambaya, "To ruwa ne ya tafi da ita, ko ita ta saki?" Ta daɗe tana juya tukunya kafin ta ce, "Ba na wurin. Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka. Ku tashi ku wanke ƙafa."

Mijina Fuseini, fita ne, wato makaniken babur, a unguwar Kaladan, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya aiki ba. Da muka yi aure muna da ƙaramin moto, wato babur, wanda ni ma nake hawa zuwa kasuwa. Sai ya musanya shi da wani dogo mai tayoyi masu gurzo, irin wanda yake bin kwalta ya kuma bi daji. In na tsaya kusa da shi, sirdinsa yana kai min ƙirji. Shi da abokansa suka kama tafiye-tafiye, kwana uku, kwana huɗu, ƙauyukan da mota ba ta zuwa, su dawo jajur da ƙasa suna nuna wa juna hotuna a waya.

Ban yi makaranta mai nisa ba, amma ina da ido. Duk dawowa sai ya canza wani abu. Ya sa babban tanki. Ya ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Yakan wanke sarƙa da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, ya bi ta ido ɗaya-ɗaya yana ɗiga mata mai, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kunnen 'yarsa ba. Bayan wani rafi ya kashe masa inji, ya yanke salansa ya yi mata walda a sama, kusa da sirdi, ya cire murfin da yake tare zafinta don wai yana kaɗawa. Daga nan ya rage sirdin ya zama na mutum ɗaya, ya kafa kariyar ƙarfe a baya don jarka da jaka.

Ranar da ya kwance matakan ƙafa na baya ina tankaɗen garin masara a tsakar gida. Kusoshi biyu ne kawai, bai ɗauki minti biyar ba. Ya jefa su cikin gwangwanin madara.

Na ce, "Baban Sadiya, waɗannan fa?"

"Suna kama ciyawa. Jaka ma ba ta zama daidai."

"To ni a ina zan sa ƙafa?"

Ya yi dariya, ko ɗago kai bai yi ba. "Madam, ke ina za ki? Daji za ki bi ni?"

Rariya ta tsaya a hannuna. Wallahi sai da na ji ƙamshin kaɗanya.

Ranar ta zo a cikin damina, wata Laraba da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Sadiya ta tashi da zafin jiki, ina ba ta koko sai cokali ya faɗi, ta sandare. Allah ya sa Fuseini bai fita ba. Na goya ta, na ɗaure da zane biyu. Ya tada babur, ya ɗaga ni ya ɗora kan kariyar ƙarfen nan, ƙafafuna suna lilo ba inda za su taka. Ramin farko da muka faɗa na ji zan zame ta baya, ni da yarinya. Sai na matse babur ɗin da ƙafafuna iya ƙarfina. Ƙafar dama ta sami salansa.

Na ji zafin har cikin haƙorana. Amma in na saki, Sadiya ce za ta fara dukan ƙasa. Ban saki ba, ban kuma yi ihu ba, don kada ya tsaya. Muka isa kwarin da ruwa ya yanke hanya, motoci da yalo-yalo sun yi layi ba mai iya wucewa. Shi ya shiga, ruwa har gwiwarsa, inji ko tari bai yi ba, muka haye.

Sadiya ta farfaɗo a asibiti, alhamdu lillahi. Sai da aka sa mata ruwa sannan wata nas ta kalli ƙasa ta ce, "Ei, sista, mene ne wannan a ƙafarki?" Zanena ya manne da naman sha-raɓata. Da almakashi aka raba su.

Fuseini ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya rantse gobe-gobe zai mayar da komai. Amma da yamma abokansa suka zo dubiya, ina kwance ina jin su ta taga.

"Masta, wai ka haye kwarin nan da mutum biyu a baya?"

"Cale, abokina, da ban ɗaga salansar nan ba, da ruwa ya kashe ni a tsakiya. Ku da kuke ce min ɓarna nake yi!"

Abin da ya fi ci min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Da bai ɗaga ta ba, da ba mu haye ba. Abin da ya ceci 'yata shi ya ƙone ni, kuma hannu ɗaya ne ya yi su. Sai a ranar na gane abin da Kaka take nufi da gwani. Wawa kana iya yi masa faɗa. Gwani kuwa kullum yana da hujja, kuma mutane suna tsaye a tudu suna tafa masa. Na kuma gane dalilin da ya sa ba ta amsa min tambayata ta biyu ba. Mijinta, kakanmu, ya tafi kudu fatauci tun babana yana goye, yana ta ƙara nisa har ya daina dawowa. Ban san tsawon lokacin da ta riƙe gindin nasa jirgin ba.

Yau wata biyu ke nan. Ƙafata ta warke da tabo kamar tafin hannu. Gwangwanin yana nan kan taga, na wanke matakan na goge su. Na yi magana sau uku, ya ce "sai na dawo". Ranar Juma'a zai sake tafiya, damina kuma ba ta ƙare ba, Sadiya jiya ma ta yini da ɗumi.

Ni na faɗa bai ji ba. Kai da kake karanta wannan, in kana da irin babur ɗin, ko kana kai gyara Kaladan, ka ga wani dogo mai sirdin mutum ɗaya da salansa a sama, don Allah kada ka yaba masa. Ka duƙa ka duba gefen tayar baya, ka tambayi mai shi, a gaban abokansa, ina matarsa take sa ƙafa.